In An Cire Mahaifa, A Koma Karɓar Takardar Awo

Darasin wannan fitowa ya shafi lafiyar mata. Maigida ma yana ciki, da uwar miji, da duk wanda ke raka maras lafiya gidan likita.

A gundumar Tasawa da ta Mayahi, kamar ko'ina cikin Nijar, akwai matan da ciwo ya sa likita ya yi masu aiki ya cire mahaifa. In mace ta tashi, ta soma cin abinci, sai dangi su ce alhamdu lillahi, an gama. Su ɗaure kaya su koma ƙauye. To, da saura. Mahaifar da aka cire ana auna ta. Awon nan shi ke faɗin ainihin ciwon da ke cikinta. Shi ke nuna ko mace ta rabu da ciwo, ko tana bukatar ƙarin magani. Takardar awon kuwa, sai an koma ake karɓo ta.

1. Mece ce mahaifa?

Mahaifa ita ce ɗakin da ɗa ke kwana a cikin uwa, wata tara. Tana can ƙasan mara. In babu ciki, ba ta fi dunƙulen hannu ba. Tsawonta santimita 7 ko 8 ne. In an yi ciki, sai ta buɗe ta ɗauki jariri.

Wasu mutane mabiyiya ma mahaifa suke ce mata. Ba ita ake nufi ba a nan. Mabiyiya tana fita bayan kowace haihuwa. Mahaifa tana nan cikin jiki.

Mahaifa kashi uku ce. Akwai shimfiɗar ciki, wadda ke zuba kowane wata, ita ce jinin haila. Akwai naman jikinta mai kauri, shi ke turo jariri lokacin naƙuda. Akwai bakinta daga ƙasa, shi ne ƙofar da jariri ke fitowa. A gefenta kuma akwai gidan ƙwai guda biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowane kashi da irin ciwon da ke kama shi.

2. Me ke sa a cire ta?

Likita ba ya cire mahaifa sai ya ga babu wata hanya da ta fi. Ga manyan dalilai:

Na ɗaya, ƙari. Wani ƙullutu ne mai tauri da ke tsirowa cikin naman mahaifa. Likitoci na ce masa fibrom. Yana sa yawan jinin haila, da nauyin mara, da ƙarancin jini. Wani ƙarin yakan girma har a zaci ciki ne.

Na biyu, fashewar mahaifa. Doguwar naƙuda ke kawo ta. In mace ta daɗe tana naƙuda a gida, jariri bai sami hanya ba, mahaifa na iya tsagewa. Nan rai ake ceto.

Na uku, jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Wani lokaci mabiyiya ce ke kafewa cikin naman mahaifa, ta ƙi fita.

Na huɗu, saukowar mahaifa. Ta fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa da aiki mai nauyi.

Na biyar, ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa.

Hanyar neman magani sananna ce. Daga ƙauye a je likitar kusa, wato CSI. Daga can a tura asibitin gunduma, a Tasawa ko Mayahi. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura Maraɗi, inda akwai asibitin uwa da yaro da manyan asibitoci. Wasu har Yamai ake kai su, Matanite Isaka Gazobi.

3. Ido kaɗai bai isa ba

Manomi ya san gyaɗa. Kwanso na iya yin kyau, a ɓare a tarar da ƙwaya ta lalace. Haka nama yake. Likitan fiɗa ya ga mahaifa da idonsa, ya taɓa ta da hannunsa. Duk da haka akwai abin da ba ya iya gani.

Jikin mutum ginin ƙananan ƙwayoyi ne, kamar yadda katanga take ginin tubali. Ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu saboda ƙanƙanta. Sai da madubin likita, mai ƙara girman abu. A shekarar 1858 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya rubuta littafi ya nuna cewa daga cikin ƙwayoyin nan ciwo ke somawa. Tun daga zamanin nan likitoci ke duba nama a madubi don su san sunan ciwo.

Ƙullutu biyu na iya kama da juna a ido. A madubi, ɗaya ƙari ne maras haɗari, ɗaya sankara ce. Ƙari yana zama inda yake. In an cire shi tare da mahaifa, ya tafi ke nan. Sankara kuwa tana cin naman da ke kusa da ita, tana bin jini da hanyoyin ruwan jiki, ta je wani wuri ta yi reshe. Don haka maganinsu ba ɗaya ba ne.

4. Daga ɗakin fiɗa zuwa labo

Ɗakin da ake wannan awo ana ce masa labo. Ma'aikatan asibiti na kiran awon anapat. Ba kowane asibiti ke da irin wannan labo ba. Akwai shi a Yamai, cikin sashen koyon likita na Jami'ar Abdu Mumuni. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Likitan da ya yi aiki shi zai faɗi inda za a aika.

Nama in an bar shi haka nan, zafi zai ruɓar da shi. Ruɓaɓɓen nama ba ya aunuwa. Saboda haka da an cire mahaifa ake sa ta cikin wani ruwan magani mai suna formol. Ruwan yana hana ta lalacewa. Ƙa'ida ita ce ruwan ya ninka naman kamar sau goma, ya rufe shi gaba ɗaya. A jikin mazubin ana rubuta sunan mace, da shekarunta, da ranar aiki. Ana haɗawa da takardar likita mai bayanin ciwonta.

Wani lokaci asibiti ke aikawa. Wani lokaci dangi ake danƙa wa. Wanda aka danƙa wa ya kiyaye abu huɗu. Kada ya buɗe mazubin. Kada ya zubar da ruwan ko ya ƙara ruwan sha. Kada ya aje shi inda yara ke wasa, domin formol guba ne, ko warinsa yana sa ido hawaye. Kada kuma ya aje shi a gida yana jiran kaka. Ya kai shi da wuri, ya karɓi rasit mai lamba.

5. Aikin da ake yi a labo

Aikin hawa-hawa ne.

Da farko likitan labo ya aza mahaifar bisa sikeli, ya auna tsawonta da faɗinta. Ya yanka ta, ya duba ciki, ya ƙidaya ƙullutai in akwai.

Sa'an nan ya ɗebi ƴan yanka ƙanana, kowane kamar farcen yatsa. Ya ɗeba daga baki, daga shimfiɗar ciki, daga naman jiki, da duk wurin da bai gamshe shi ba.

Sai a tsane ruwan da ke cikin yankan, a dafe su cikin kaki irin wanda ake yin kyandir da shi. In kakin ya daskare, naman ya yi tauri, ya yanku.

Daga nan wata na'ura mai wuƙa ta shiga feraye shi. Abin da take fitarwa ya fi gashin kai siranta fiye da sau goma. Milimita guda tana iya fitar da yanka 250.

Sai a shimfiɗa yankan bisa ɗan gilashi, a rina shi, kamar yadda marina ke rina zane. Launi biyu ake sawa. Ɗaya shuɗi mai duhu, ana samun shi daga wani icce da ke fitowa a ƙasar Meksiko da maƙwabtanta. Ɗaya ja-ja ne. Shuɗin ya kama tsakiyar ƙwaya, jan ya kama sauran jikinta.

A ƙarshe likita ya sa gilashin ƙarƙashin madubi. Madubin na ƙara girman abu sau 40, sau 100, har sau 400. Ƙwayoyi masu lafiya suna jere kamar kunyoyin gona, girmansu ɗaya. Ƙwayoyin sankara ba su da tsari. Wasu manya, wasu ƙanana, tsakiyarsu ta yi girma ta yi duhu, sun ƙetare iyakarsu sun shiga gonar maƙwabta. Abin da likita ya gani, shi zai rubuta, ya sa hannu.

Aikin labo kansa kwanaki ne. Nisan hanya da yawan masu jira ke sa ya kai satittika. A yi haƙuri, amma kada a manta.

6. Abin da takarda ke iya faɗi

Mafi yawan lokaci albishir ne. Ƙari ne kawai, babu sankara. Ƙari ya fi yawa ga mata baƙar fata, kuma da wuya ƙwarai a tarar da sankara a cikinsa.

Wani lokaci takarda ta ce shimfiɗar ciki ce ta kutsa cikin naman mahaifa. Wannan ke sa haila mai ciwo da yawan jini. Shi ma ba sankara ba ne.

Wani lokaci a tarar da tsohon kumburi a bakin mahaifa.

Wani lokaci a tarar da ƙwan tsutsar tsargiya, wadda ake ɗauka wurin wanka da wanki a tabki. Ko a tarar da alamar tarin fuka, domin ciwon nan ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Duka biyu suna da maganin sha. In ba a karanta takarda ba, mace ba za ta sha maganin ba.

Wani lokaci a tarar da ƙwayoyin da suka soma sauyawa, ba su kai sankara ba tukuna. Irin wannan mace likita zai riƙa duba ta lokaci-lokaci.

Wani lokaci kuma sankara ce. A nan takarda na amsa tambayoyi uku. Wace iri ce? Ina zurfin da ta kai? An cire ta duka, ko ta kai bakin inda wuƙa ta yanka? Da amsar nan likita ke sanin ko aikin ya wadatar, ko sai an ƙara da ruwan magani na sankara, ko gashi da na'ura. A shekarar 2021 aka buɗe wurin gashin nan a Yamai, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara. Kafin nan sai an fita waje.

7. Misali

A ce mata biyu ne, ɗaya daga Korgom, ɗaya daga Kanambakashe. Dukansu sun wuce shekara 45. Dukansu sun sha fama da zubar jini. An yi masu aiki sati guda, an sallame su rana guda. Ɗinkinsu iri ɗaya ne. Duk wanda ya gan su zai ce ciwonsu ɗaya.

Takardar ta farko ta ce ƙari ne. Ita ta warke. Abin da ya rage mata shi ne abinci mai kyau da maganin ƙarin jini.

Takardar ta biyu ta ce bayan ƙari akwai sankara a bakin mahaifa. In mijinta ya koma ya karɓo takarda da wuri, za a ci gaba da magani tun ciwo bai bazu ba. In takardar ta zauna cikin akwatin asibiti, matar za ta ɗauka ta warke. Ba za ta koma ba sai jini ko ciwon mara ya dawo. A lokacin, magani ya yi wuya, kuɗi ya ƙaru.

Bambancin matan nan biyu yana cikin takarda guda.

8. Kalmomin da ke cikin takarda

Da Faransanci ake rubuta takardar. Mai karatu zai iya gane wasu kalmomi.

Bénin ko bénigne: maras haɗari, ba sankara ba. Ba sunan ƙasar Benin ake nufi ba.

Malin ko maligne: mugu, wato sankara.

Myome, léiomyome ko fibrome: ƙari.

Carcinome: wani nau'in sankara.

Col: bakin mahaifa.

Amma a yi hattara. Sau da yawa ana rubuta kalmar malignité cikin jimlar da ke cewa babu alamar sankara. Wanda ya tsinci kalma guda ya bar sauran, zai ta da hankalin gida a banza. Don haka likita ne zai karanta takarda ya yi bayani. Wanda bai gane ba ya sake tambaya. Tambaya rabin ilimi ce.

9. Maganganun da ake yi a gari

Wasu na cewa likitoci sayar da naman suke yi. Ba haka ba ne. Naman da ya sha formol ba ya da amfanin komi sai awo.

Wasu na son a ba su su rufe a ƙasa, kamar yadda aka saba da abin da ya fita daga jikin mutum. Niyyar mai kyau ce. Sai dai abin da aka rufe ba ya aunuwa. Iyalin da ke da wannan buƙata su yi magana da likita tun kafin aiki. Awo tukuna.

Wasu na cewa macen da aka cire wa mahaifa ta tashi daga mace. Wannan kuskure ne. Gaskiya ba za ta ƙara haila ba, ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba. Amma in ta warke tana aikinta, tana zaman aurenta kamar da. Da yawa ma sun fi jin ƙarfi, tun da jini ya daina zuba. Mijin kirki ba ya juya wa matarsa baya saboda ciwo.

10. Abin da iyali za su yi

Kafin a bar asibiti, a yi wa likita tambayoyin nan, a rubuta amsa cikin karne:

Me aka cire? Mahaifa duka, ko an bar bakinta? An bar gidan ƙwai?

An aika awo? Ina aka aika? Mece ce lambar?

Nawa ne kuɗin awo?

Wace rana za a dawo?

A bar wa asibiti lambar tarho mai aiki. In ranar ta zo babu labari, a je wurin majo na CSI, ya taimaka da tambaya. In takarda ta zo, a adana ta cikin leda tare da karne, nesa da gara da ruwan sama. Duk likitan da mace za ta gani nan gaba, a nuna masa.

A shekarar 2005 gwamnati ta yi dokar ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa a asibitocinta. A shekarar 2007 ta yi wata a kan sankarar mata. A tambaya a asibiti abin da doka ta ɗauke da abin da ya rage ga iyali.

A gida, mace ta huta kamar sati shida, ko yadda likita ya faɗi. Ban da daka, ban da jan ruwa a rijiya, ban da ɗaukar icce, ban da kwanciyar aure. Kishiya da ƴaƴa da maƙwabta su kama mata. In ta ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko fitsari na zuba ba tsayawa, a koma likita ran nan.

11. Rigakafi ya fi magani

Tun shekarar 1992 labo na jami'ar Yamai ke rubuta masu sankara cikin rajista. Rajistar ta nuna sankarar nono da ta bakin mahaifa su ne kan gaba ga matan Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mata wajen dubu 660 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, wajen dubu 350 suka rasu.

Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo ta. Ana ɗaukarta ta saduwa. Yawancin mutane jikinsu na kashe ta da kansa. Ga wasu mata kuwa tana zama, ta ɗauki shekara 15 ko 20 kafin ta zama sankara. Cikin shekarun nan ana iya gano ta, a yi magani ba tare da cire mahaifa ba. Akwai awo mai sauƙi: ungozomar likita ta shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, wurin da ya soma lalacewa ya yi fari. Macen da ta kai shekara 30 ta tambayi inda ake yin awon. Wadda aka cire wa mahaifa aka bar bakinta, ita ma ta ci gaba da yi.

Alamu uku ba a zama da su a gida: jini bayan kwanciyar aure, jini bayan mace ta daina haila, da ruwa mai wari da ya ƙi ƙarewa. Kunya ba ta magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai ciki kuma ta je awon ciki, ta haihu a likita. In naƙuda ta kai yini ko kwana babu haihuwa, a nemi amalanke ko mota nan take.

Abin riƙewa

Mahaifar da aka cire, a auna ta.

Takardar awo, a koma a karɓo ta.

Likita ya karanta, iyali su adana.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin ƙari da sankara?
2. Don me ake sa mahaifa cikin formol?
3. Waɗanne tambayoyi ake yi wa likita kafin a bar asibiti?
4. In kuɗin mota ya hana wani komawa karɓar takarda, ta yaya mutanen gari za su taimaka?

Lissafi

1. Naman da aka cire ya cika rabin lita. Ana son formol ya ninka shi sau goma. Lita nawa za a zuba?
2. An yi aiki ranar 3 ga wata. Likita ya ce a dawo bayan sati uku. Ran nawa ga wata ke nan?

Rubutu

Kowane ɗalibi ya rubuta jimlar nan cikin littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansu: Aiki bai ƙare ba sai takardar awo ta zo.